Injin Ingila ne kaɗai ya karya masaƙan Indiya?

Mai Yadi, Balogun: Assalamu alaikum. Muna gardama da abokan sana'a a nan Legas kan yadda Indiya, wadda yadinta ya cika kasuwannin Turai, ta koma sayen yadi daga Manchesta ta Ingila. Shin ingancin inji ne kawai ya jawo haka, ko da hannun hukuma a ciki?

Malamin Agege: Wa alaikumus salam, Alhaji. A ganina hannun hukuma ya riga injin. Tun a 1700 da 1721 majalisar Ingila ta kafa dokokin taƙaita shigar yadin auduga na Indiya domin ta kare masaƙanta. Bayan yaƙin Plassey na 1757, da kamfanin East India na 'yan kasuwar Birtaniya ya kama iko a yankin Bengal na Indiya, sai dillalansa suka riƙa bai wa masaƙa kuɗin kafin alƙalami, kuma wanda ya karɓa ba shi da ikon sayar wa wani, ko da farashin da aka yanka masa bai kai wahalarsa ba. Injin saƙa na Cartwright bai fito ba sai 1785, ya kuma daɗe kafin ya bazu. Da aka buɗe cinikin Indiya ga sauran 'yan kasuwar Birtaniya a 1813, yadinsu ya riƙa shiga da ɗan kuɗin fito kaɗan, alhali na Indiya yana shan haraji mai nauyi a Ingila. Birnin Dhaka na Bengal, mai shahararren yadin nan shara-shara, ya ji jiki ƙwarai.

Hajiya Idi-Araba: Malam, a gafarce ni, an manta da mata. Masu kaɗin zare, waɗanda galibinsu mata ne a cikin gidajensu, su suka fi tagayyara, domin zaren inji ya fi nasu araha nesa ba kusa ba. Masaƙa da yawa kuwa ba su bar sana'ar ba. Sun koma saƙa da zaren masana'anta, musamman tufafin sari masu ado da inji bai iya kwaikwayo ba, sai dai ribar ta ragu.

Malamin Agege: Gaskiyarki, Hajiya. Shi ya sa Gandhi, jagoran neman 'yancin Indiya, ya ɗora gwagwarmayarsa a kan kaɗi da hannu, bayan ƙaurace wa kayan Birtaniya da aka fara a 1905. Kuma gasar ba daga waje kaɗai ta zo ba, tunda masana'antun auduga na Bombay, da aka fara kafawa a 1854, su ma sun ci kasuwar masu aikin hannu.