Fiyata ta shekara bakwai ba ta haihu ba, in sare ta ko in ƙara haƙuri?

Uwargida daga Zariya:
Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin itatuwa ku taimaka mini. Shekara bakwai ke nan ƙanwata ta kawo mana tsarabar fiya daga Jos, manya-manyan nan koraye, cikinsu kamar man shanu. Na ɗauki ƙwallo ɗaya na binne a bayan ɗaki, gefen makwararar banɗaki, don a ganina nan ne ruwa ba ya yankewa. Ta tsiro, ta girma, yanzu har ta wuce katanga, amma ko ɗa guda ban taɓa gani ba. Bara da hunturu ta yi fure, na yi ta murna, cikin sati biyu duk ya zube. Bakin ganyen kuma sai ya riƙa bushewa kamar wuta ta lashe shi. Maigidan ya ce a sare a sa mangwaro. Ni kuwa da hannuna na shuka ta, raina bai ba ni ba.

Manomi daga Gembu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki bari a sa mata gatari. Fiyar da aka shuka da ƙwallo takan kai shekara 5 zuwa 13 kafin ta fara 'ya'ya, kuma in ta yi, ba lallai su yi kama da wadda kika ci ba. Mai aure ce ke haihuwa a shekara 3 zuwa 4, kamar dai yadda kika san mangwaro mai aure. Tunda taki ta fara fure, ta balaga ke nan. Ki nemi mai aurar da itace a wajen masu sayar da dashe, ya samo reshen wadda aka san tana haihuwa ya ɗaura mata.

Zubar furen ma ba duka ne ciwo ba. Bishiya ɗaya takan yi fure dubbai, kaɗan ne ƙwarai ke kamawa. Kuma furen nan yana da wani hali: ya buɗe a matsayin mace, ya rufe, washegari ya sake buɗewa a matsayin namiji. Shi ya sa ta fi kamawa in akwai 'yar'uwarta kusa da ƙudan zuma masu kai-kawo. Mu nan tsaunin Mambila sanyi da raɓa sun taimake mu. Asalinta daga Meziko da Amurka ta Tsakiya take, ƙasashen ruwa da daji, dangi ɗaya da kirfar da ake sa wa shayi. Busasshiyar iskar hunturun Zariya ba ta saba da ita ba.

Malamin gona, Kafanchan:
Hajiya, ni makwararar nan ce ta tsaya mini a rai. Saiwar fiya sama-sama take, ba ta nutsewa can ƙasa, kuma ba abin da ta tsana kamar ruwa ya kwanta mata. Akwai cutar da ke ruɓar da saiwar a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ki ga ganye ya yi ƙanana ya yi fari-fari, bishiyar tana mutuwa daga sama. Sannan ba ta jure gishiri, ruwan sabulu da omo kuwa cike yake da shi. Ƙonewar bakin ganyen da kika faɗa ta yi kama da haka. A karkatar da ruwan wankan. Ki riƙa ba ta ruwa mai kyau, ya jiƙa sosai, ki bari saman ƙasar ya sha iska kafin ki ƙara. Ganyen da ta zubar kada a share, a tara mata a gindi, amma kada ya taɓa jikin itacen.

Wata mai kiwo:
Yaya, in kina da awaki ki kiyaye. Ganyen fiya guba ne gare su, musamman mai shayarwa, hantsarta kan kumbura nono ya ɗauke. Kuma ranar da Allah ya sa ta haihu, kada ki jira ta nuna a sama. Fiya sai an tsinke ta take laushi.

Uwargida daga Zariya:
Allah ya saka muku da alheri. Wallahi kullum da safe nake sa yara su share ganyen nan tas, har mukan zuba wa akuyar gidan. Daga yau an daina. Na karanta wa maigidan amsoshinku, ya yarda a kira magini ranar Asabar ya juya makwararar. Baba na Gembu, wane wata ya fi dacewa a yi auren, yanzu ko sai ruwa ya sauka?