Wa ya taɓa kai wani masaukin bayan gari don murnar ranar haihuwa?

Maman Biyu: Salamu alaikum jama'a. Maigidana zai cika shekara 40 a wata mai kamawa, kuma shi da taron biki ba sa ga maciji. Ina tunanin in ɗauke shi mu tafi wani ƙaramin masauki a ƙauye, Juma'a zuwa Lahadi, irin wanda ya yi suna wajen girki. Waɗanda suka taɓa yi ku ba ni labari, har da abin da bai yi daɗi ba.

Matafiyi: Wa alaikumus salam. Mun yi bara, ni da uwargida. Abin da ban sani ba sai da na je: kama ɗaki daban, kama teburin cin abinci daban. Na biya kafin alƙalami na ɗaki, na ɗauka shi ke nan. Muna isa da daddare aka ce tebura takwas ne, duk an kama, don mutanen yankin ma suna zuwa cin abinci su koma gidajensu. Daren farko da shayi da burodi muka kwana. Uwargida ba ta ce uffan ba, kuma shirun nan ya fi faɗa zafi.

Anti Mai Ludayi: Ƴata, ki je, amma ki fahimci yadda wuraren nan suke. Mai girki yawanci mutum ɗaya ne, sau da yawa ma mai gidan ne ko matarsa. Kala huɗu ko biyar za ki tarar, gwargwadon abin da lambu da kasuwa suka bayar a ranar. Daɗin daga nan yake fitowa. Da na cika 50 yarana suka kai ni. Kifi aka gasa mana da man shanu da lemon tsami kawai, ba tarkacen kayan ƙamshi, na cinye har ƙaya na tsotse. Miyar kabewar kuwa, ni da na shekara 30 a gaban murhu sai da na ajiye girman kai na bi matar har madafa. Ashe gasa kabewar take yi kafin ta niƙa. Tun ranar haka nake yi.

Sai dai ki kira su kwana uku kafin ku je, ki lissafa abin da ba kwa ci. Ki tambaya ƙarara me suke zubawa a miya, wasu da giya suke girki. Ba su da tarin kaya a ajiye da za su canja miki nan take.

Maman Biyu: Na gode Anti. Kek fa, in taho da shi?

Anti Mai Ludayi: Tambaye su tukuna. Wasu za su yi miki, wasu ba sa son abincin waje a teburinsu.

Baban Ƴan Mata: Ni fa ban ji daɗin nawa ba. Abinci ba laifi, amma ɗakinmu a saman madafa yake, tun asuba ake buga tukwane. Ga sabis babu, sai na hau tudu kafin in ji lafiyar yara.

Matafiyi: Yaya, rashin sabis ɗin ai shi muka je nema.

Maman Biyu: Na kira su yanzu. Na samu tebur Juma'a da Asabar ƙarfe 7:30, ɗaki ta ɓangaren lambu, kek su za su yi. Daren Lahadi ba sa girki, dama da rana za mu taho. Saura ɗaya: yaya zan sa mutumin nan ya shiga mota da jakar kaya ba tare da ya gane ba?