Neman shawara: ƙululu a wuyan hannu, likita ya ce sai aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ni tela ce a Rigasa, wani ƙululu ne ya fito min a bayan wuyan hannun dama, wataran ya kumbura wataran ya sace, an taɓa zuƙe ruwan da sirinji sai ga shi ya dawo, yanzu kuma in na dafa ƙasa zan miƙe daga sujada ko na riƙe almakashi sai in ji zafi da wani ƙas a ciki. Likita ya ce gangiliyon ne kuma yana zargin jijiyar da ke ɗaure ƙasusuwan wajen ta saki, wai aikin kyamara ya fi. Ni kam tsoron wuƙa nake, Mama kuma ta ce a kira wanzami.

Maman 'Yan Biyu: Wayyo sannu 'yar uwa, Allah ya yaye. Nawa da kansa ya baje ban sha komai ba, amma fa ni bai taɓa min zafi ba.

Anti Nas daga Tudun Wada: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, gangiliyon ba cutar kansa ba ce, jaka ce mai ruwa kauri kamar yauƙin kuɓewa, daga cikin gaɓar yake tsattsafowa ta wani siririn wuya, shi ya sa in an zuƙe take sake cika, ai hanyar na nan ba a toshe ba. Kuma ta fi kama mata 'yan shekara 20 zuwa 40. Ni ba ƙululun ne ya dame ni ba, wannan ƙas ɗin ne da zafin dafa ƙasa. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne a wuyan hannu, yawancin ƙululun bayan hannu daga kan jijiyar da ta haɗa biyu daga cikinsu yake tasowa, to in ita ce ta saki aka cire jaka kawai aka bar ta, zafin ba lallai ya tafi ba, kuma da shekaru gaɓar na iya cinyewa. Ki nemi a miki hoton ƙashi kin dunƙule hannu, shi ke nuna ko ƙasusuwan sun buɗe, in da hali har da MRI, hoton da ke nuna ita kanta jijiyar. Aikin kyamarar 'yan ƙananan huji ne ake zura kyamara da kayan aiki, a yanke tushen jakar daga ciki kuma likita ya ga jijiyar da idonsa, tabo kaɗan ne. Amma kar a ruɗe ki, ko shi ko na yanka ƙululun na iya dawowa, ba dai kamar na sirinji ba.

Baban Yara daga Kawo: Hajiya ki ba Mama haƙuri, maganar wanzami ki bar ta, tsaga a kan gaɓa ƙwayar cuta kawai za ta shigar. Haka masu cewa a buga masa littafi mai nauyi ya fashe, ƙashi za a illata. Ki je sashen ƙashi na asibitin Barau Dikko a Kaduna ko na Shika a Zariya, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ki tambaya ƙarara wa ke yin aikin wuyan hannu da kyamara.

Mai tambaya: Na gode Allah ya saka. Anti to ɗinki fa, ga kayan mutane jibge?

Anti Nas daga Tudun Wada: In jakar kaɗai aka cire 'yan makonni ne, in kuwa aka gyara jijiya ki sa ran watanni, da ɗaurin hannu da gashin ƙashi. Ki fara raba wa yaran shagonki yankan tun yanzu, kuma kar ki karɓi ɗinkin biki sai kin ji sakamakon hoton.