Me za mu kira "bekin" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni da wannan zaren. Akwai kalmar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, wato "bekin" (baking a Turance), kuma yarinya 'yar shekara 13 ce ta jefa ni ciki.

'Yar ƙanwata ce. An ba su aikin gida a darasin Hausa, aka ce kowa ya rubuta abin da ya fi son yi in ba ya makaranta. Ba ta tsaya dogon tunani ba, ta rubuta: "Ina son girki da bekin tare da ƙawayena da 'yan gidanmu." Takarda ta dawo an zagaye "bekin" da jan biro, ga alamar tambaya a gefe. Ta kawo mini ita fuska a murtuke. Ta ce, "Kawu, kai da kullum kake mana faɗan cusa Turanci a magana, to me zan ce?" Na buɗe baki da ƙarfin gwiwa zan amsa, sai na ji wayam.

Kafin mu raɗa wa abu suna, bari in nuna muku shi yadda nake ganinsa kowace Asabar. Ƙawayenta biyu za su zo da hantsi. Ita ce mai awo, ba ta yarda kowa ya taɓa mata ma'auni. In da kofi za ta auna fulawa, sai ta bi bakinsa da bayan wuƙa ta share tozon. Ɗaya ƙawar tana buga bota da sukari har su yi fari su yi laushi, ɗayar tana fasa ƙwai, kowane a ƙaramin kofi tukuna, don kada ruɓaɓɓe guda ya ɓata musu kwaɓi. Ƙaninta yana gefe yana jiran a miƙo masa cokali ya lashe, wannan ne kaɗai aikinsa kuma bai taɓa fashi ba. Da an zura kwanon a obin an rufe ƙofa, sai su uku su durƙusa gaban gilashin suna kallon kek yana tashi, shiru kamar an ɗauke wuta. Akwai doka: ba mai buɗe ƙofar nan a minti 20 na farko. Ranar da babanta ya buɗe don ya leƙa, iska mai sanyi ta shiga, tsakiyar kek ɗin ya lotsa kamar an zauna a kai. Har dare gaisuwa kawai ta haɗa su.

To wannan abin muke nema wa suna.

Na fara da mai sauƙi, na ce ai duk girki ne, ki bar "girki" kawai. Ita ta kayar da ni. Ta ce, "A girki, Kawu, kana ɗanɗanawa kana gyarawa. Gishiri bai ji ba, ka ƙara. Ruwa ya yi yawa, ka bari ya tsotse. A nan kuwa da ka rufe ƙofa, bakin alƙalami ya bushe." Gaskiyarta. Girki uwa ce, kowa na ƙarƙashinta, amma yarinyar tana son abu biyu ne, kuma ta san bambancinsu fiye da ni.

"Suya" da "tuya" ba su daɗe a hannuna ba. Na san akwai masu cewa toya burodi, ban kuma ce sun yi kuskure ba, amma kunnen yawancinmu in ya ji tuya, mai yake hangowa a kasko. "Turarawa" kuma aikin tururi ne, abin ya fito da danshi, ba ɓawo.

Saura "gashi". Nan ne na fi daɗewa, don ita ce mai haƙƙi. Tun tuni muke cewa an gasa burodi, an gasa kek, ba wanda ya taɓa ɗaga gira. Matsalar tana fitowa ne in ka cire abin da ake gasawa ka bar kalmar ita kaɗai. A ce yarinya ta rubuta "ina son gashi". Mai karatu na farko zai ɗauka sumar kai take nufi, tunda rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali balle karin sauti. Na biyu zai hango nama a kan garwashi, hayaƙi na tashi, ana juyawa. Ka ce "gashin kek", wani ya ce a'uzubillahi, wa ya yi kwaɓi ba ɗankwali. Ka juya ka ce "gasa", sai ta faɗa gidan gasar cin kofi. Kalma ɗaya, tarko uku.

Sai na tambayi kaina, me ya raba wannan gashin da na garwashi? Rufi ne. Ba harshen wuta ke taɓa abin ba, busasshen zafi ne da aka kulle a akwati yake zagaye shi ta ko'ina, a hankali, a ma'auni guda. Yawancin kek ana gasa shi a digiri 180 a ma'aunin Celsius. Ruwan da ke tafasa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100, shi ya sa abin da aka dafa a ruwa ba ya yin ja. Jan nan da ƙamshin da ke janyo maƙwabta suna farawa ne sosai daga wajen digiri 140, lokacin da sukari da sinadaran furotin suka haɗu suka sāke kama. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, har yau da sunansa ake kiranta. Ashe sirrin duk yana cikin akwatin. To me muke kiran akwatin?

Yara suna cewa "obin". Amma muna da "tanderu", tana nan a ajiye kamar tsohuwar riga a ƙasan adaka. 'Yar'uwar "tannur" ce ta Larabci, wadda ta zo a Alƙur'ani cikin labarin Annabi Nuhu, a Suratu Hud aya ta 40, kuma dangin "tandur" ɗin da ake ji daga Indiya. Kalma ce mai asali, ta yi tafiya mai nisa kafin ta iso bakinmu.

Shawarata ke nan: gashin tanderu.

Da na fara faɗa wa abokai, wani ya taso mini. Ya ce tanderu na yumɓu ne, na yarinyar nan kuwa na ƙarfe ne, da lantarki yake aiki, har da agogo da ƙararrawa. Na ce masa, malam, fitila fa? Da can ta lagwani da mai ce, yau ƙwan lantarki ma fitila muke ce masa, ba wanda ya kai ƙara. Jirgi a ruwa ya fara, ya hau dogo, ya tashi sama, bai canza suna ba. Waya kuwa har ta rabu da wayar da aka sa mata suna dominta. Aikin abu ake bi, ba kayan da aka ƙera shi da su ba. In ana son bambancewa, ga tanderun lantarki, ga tanderun gas.

Wata kuma ta ce ya yi tsawo, "bekin" gaɓa biyu ce kacal. Wannan kam na yarda da rabinsa. Amma ba kullum za a ja shi duka ba. In kek yana cikin maganar, "za mu gasa kek" ya wadatar kamar yadda aka saba. Cikakken sunan sai inda ake nufin aikin kansa: ina koyon gashin tanderu, ta iya gashin tanderu, kayan gashin tanderu.

Ita yarinyar ma ta gwada gajarta shi. Ta ce, "Kawu, me zai hana mu ƙirƙiri aikatau, mu ce tandara? Yau za mu tandara kek." Kakarta da ke gefe ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ke, in kika tandara shi ai da ƙasa za ki haɗa shi." Wannan shawara a nan ta rasu, Allah ya ji ƙanta.

Da na samu wannan, sai wata ta biyo baya da kanta, wato "bekin fauda". Ba zan ce hodar gashin tanderu ba, wannan fassarar gangan ce. Aikinta za a duba: in ta jiƙe kuma ta ji zafi, sai ta saki iska a cikin kwaɓi, ƙananan kumfa su ɗaga shi. Mu kuwa cewa muke kwaɓi ya tashi. Saboda haka: hodar tashi. 'Yar'uwarta "bekin soda" ta zama sodar tashi, ita ce wadda ba ta aiki sai ta samu abu mai tsami kamar ruwan lemon tsami ko yogot, alhali hodar ta zo da tsaminta a haɗe. Yis ya riga ya zauna a bakinmu, a bar shi, shi kam halitta ce mai rai da ke cin sukari. Wani abin da ya burge ni, hodar nan ma a cikin gida aka haife ta. Alfred Bird, mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, ya haɗa ta a 1843 saboda jikin matarsa ba ya karɓar yis, yana so ta ci burodi kamar kowa.

Ba na cewa gobe yara za su daina cewa "bekin". Na ji ta da ƙawayenta jiya, suna ta faɗarsa kamar ba a yi komai ba, ban kuma tanka ba. Abin da nake so shi ne ranar da aka ce rubuta da Hausa, ko kaka ta tambaya me ake yi a kicin tun safe, a samu abin faɗa. Wanda yake da wadda ta fi wannan daɗin baki, ya ajiye mana a ƙasa, sharaɗi ɗaya ne: ta wuce gwajin sumar kai da na garwashi.

Ta sake rubuta jimlar: "Ina son girki da gashin tanderu tare da ƙawayena da 'yan gidanmu." Ta karanta sau biyu a bayyane, ta ɗan karkatar da kai, ta ce ba laifi. Sannan ta miƙo mini soso da kwanon kwaɓi.

"Kawu, a dokarmu duk wanda ya shigo kicin ran Asabar bai auna ba, bai buga ba, bai fasa ƙwai ba, shi ke wanke-wanke."