Wane suna za mu ba linzamin da ake fara sa wa dukushi a gasar horon doki?

Jama'a masu harkar doki, musamman iyayenmu na barga a ƙasar Gumel, Haɗeja da Rano, kalma guda nake so mu tsayar. Turawa suna da wani linzami da suke kira snaffle, shi ake fara sa wa dukushi a gasar horon doki, wadda suke ce wa diresaj. Mu kuwa duk ƙarfen da ya shiga bakin doki linzami ne, kuma a nan matsalar take.

Yaranmu sun fara kallon gasar nan a waya. Suna ganin doki yana taƙama, yana sassarfa a wuri ɗaya, mahayi bai ko motsa hannu ba. Sai yaro ya tafi kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ce a ba shi linzami, a miƙo masa namu na gado, mai tudu a tsakiya da zoben da ke kewaye haɓa, ya zo ya cusa wa dukushi ɗan shekara uku. Linzamin nan namu ba abin raini ba ne. An ƙera shi ne don ingarma ya ci birki a gaban sarki lokacin jahi, mahayi na riƙe da shi da hannu ɗaya. Amma gasar horo tana so doki ya yarda da ƙarfen, ya nemi hannun mahayi da kansa, kamazuru a miƙe ba sake-sake ba. Dokin da ya saba jin zafi duk sanda aka taɓa bakinsa ba zai yi haka ba.

Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921, ba ta yarda ɗan shekara biyar ko shida ya shiga gasar matasan dawaki da wani linzami ba sai snaffle. Linzami biyu a baki ɗaya, da kamazuru huɗu, sai doki ya girma ya kai manyan matakai, kuma ko a nan ƙarfen da ke saukowa gefen baki ba ya wuce santimita 10. In alƙali ya ga jini a bakin doki, an fitar da shi ke nan. Dalilin sauƙaƙa wa bakin dukushi a fili yake: daga shekara biyu da rabi har zuwa wajen biyar doki yana famfara, dasashi na ciwo, wani ma yana da ƙananan haƙora a gaban turame daidai inda ƙarfe ke bugawa.

To, ga sunayen da aka kawo mini.

Wani ya ce «linzamin Turawa». Ban karɓa ba, domin mai tsananin nan na manyan matakai ma nasu ne. Wani ya ce «linzamin dukushi», amma tsofaffin dawaki da yawa da shi suke aiki har ƙarshen rayuwarsu.

«Linzami mai laushi» shi ya fi farin jini, kuma shi na fi jin tsoro. Sunan zai sa yaro ya ɗauka ko yaya ya fizga ba komai. Alhali mai gaɓa ɗaya a tsakiya, in an ja da ƙarfi, naɗewa yake kamar awartaki, ya matse harshe da dasashi, ƙoƙon gaɓar ya daki ganɗa. Siriri ya fi yanka, mai kauri sosai kuma ba ya samun wuri a ƙaramin baki, balle dawakinmu da bakinsu bai kai na manyan dawakin Jamus da Holan faɗi ba. In ya yi tsawo ya riƙa zamewa hagu da dama, in ya yi gajarta zoben ya cije leɓe. Laushi a hannun mahayi yake da kuma awon da ya dace, ba za mu rubuta shi a jikin suna ba.

Wani dattijon maƙeri a wajen Wudil ya ce mini, «Ɗana, ku ce linzami mai gaɓa, ai abin da ido ke gani ke nan.» Na ce, Baba, Allah ya ja kwana, ai akwai wanda sanda ce guda ba gaɓa, kuma cikin dangin yake. Akwai kuma mai gaɓa da dogayen ƙarafa a gefe, wanda ba ya cikinsu ko kaɗan. Ya ce to me ya raba su? Na ce a wannan da muke nema wa suna, kamazuru a zoben da ke kusurwar baki ake ɗaura shi, gwargwadon yadda ka ja haka doki zai ji, ba abin da ke ninka ƙarfin, ba sarƙa ko zobe a ƙarƙashin haɓa. Ya ce, «Ashe kai tsaye yake ja.»

Shi na riƙe: linzamin kai-tsaye. Wanda ke ninka ƙarfi ya danne haɓa, namu da nasu duka, mu ce masa linzamin matsi. Sunan ya faɗi yadda ƙarfen ke aiki, bai yabe shi ba, bai kuma kushe na gado ba.

Ƙananan sunayen ba wuya: mai gaɓa ɗaya, mai gaɓa biyu da ɗan ƙwallo a tsakiya, da miƙaƙƙe. Zobe kuma ko mai juyawa ko kafaffe. Ni dai ga dukushin da ake fara hora, mai gaɓa biyu nake zaɓa, don yana kwanciya a kan harshe ba ya dukan ganɗa, da kafaffen zobe in dokin mai yawan wasa da baki ne. Kafin nan a sa mai ilimin dabbobi ya duba haƙoransa, a auna faɗin bakin da zare, a kai wa maƙeri awon, a roƙe shi ya goge ƙarfen sumul kada a bar kaifi ko kaɗan a wajen gaɓa.