Musayar Baitoci: Sawun Wa Ya Fi Zurfi a Duniya?

Ɗan Alƙalami:
Salamu alaikum 'yan fage. Sharaɗi ɗaya ne yau: Annabawa ba sa cikin gasa, darajarsu ta wuce awo. Amsa da baiti.

Da sunan Ilahu na buɗe fage,
Salati ga Ɗaha, fitilar duniya.
Idan aka ware Manzanni gefe,
Sawun wa ya fi zurfi a doron duniya?
Gwanina Sai Lun, hadimin fadar Sin,
Da ɓawon itace ya share wa ilmi hanya.
Tsumma da tsohon taru ya jiƙa ya kirɓa,
Ya shanya, takarda ta shigo duniya.

A shekara ta 105 ya miƙa ta ga sarki. Kafin nan a kan gora da siliki suke rubutu.

Barden Fage:
Haba Ɗan Alƙalami, ka ba ni kunya,
Ana zancen maza ka kawo mai jiƙon tsumma!
Jengis Han aka naɗa a shekarar 1206,
Ya haɗe ƙabilun Mongol suka zam al'umma.
Daga tekun Sin har cikin gabashin Turai
Zuriyarsa ta taka, sarakuna na kyarma.
Takardarka wuta ɗaya ta ishe ta,
Sai takobi ya share gona alƙalami ke noma.

Gimbiyar Baiti:
Yaya Barde, sannu da sukuwar dokin kara,
Gwaninka me ya bar mana in ba kufai ba?
Jikansa Hulagu ya faɗa wa Bagadaza,
Bai bar halifa ba, bai bar littattafai ba.
In yawan gawa ne ma'aunin girma wurinka,
Me ya sa annoba ba ka yi mata kirari ba?
Ni Edward Jenner nake wa jinjina,
Likitan ƙauye, ba sarki ba, ba barde ba.
Agana ta ci yara, ta makantar da manya,
Ya tsaga mata lamba, yau ba a ƙara ganinta ba.

Don masu son hujja: a 1796 ya ɗebi ruwan ƙurjin da wata mai tatsar shanu ta kamu da shi, ya tsaga hannun wani yaro ya sa masa. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an raba ɗan Adam da agana.

Uwar Biyu:
Allah ya ja zamaninki Gimbiya! Barde, a sauko a sha ruwa, rana ta yi.

Na Hannun Daman Barde:
Ku dai mata kullum bayan junanku kuke bi. Tambayar tasiri aka yi, ba a ce wa ya fi kirki ba. Barde, kana nan daram.

Malam Mai Arulli:
Ku dakata. Barde, ɗangonka na uku ba waƙa ba ne, labaru ne. Furta shekarar nan da baki ka ji yadda ta haɗiye karin gaba ɗaya. Ke kuma 'yata, "ba" ai ƙafiyar malalata ce, kowa ya ƙi abu ya samu amsa-amo.

Ku auna gaɓa kafin ku auna mazaje,
Wanda bai iya ɗango ba ya bar hukunci.

Barden Fage:
Malam, da girmanka, ka bar mu mu fafata,
Ana ga yaƙi kai kana ga ƙura.
Ka zo da sikeli kana ƙirga gaɓoɓi,
Gwaninka wane ne? Faɗa mana, mun saurara.

Malam Mai Arulli:
Gwanina Halilu ɗan Ahmad na Basra,
Da ya kasa kunne ga waƙar Larabawa,
Ya fid da bahar goma sha biyar a jere,
Ɗawil da Basiɗ da Kamil masu zaƙin rerawa.
Ɗalibai suka ɗauka har bayan hamada,
Da shi ake gane gwani cikin masu rubutawa.

Bahar shi ne ma'aunin karin waƙa. Wani bahar ɗin, Mutadarak, daga baya aka ƙara. Kuma ɗana, "ƙura" da "saurara" sun yi, na yaba. Amma ɗangon 1206 yana nan a karye.

Gimbiyar Baiti:
Malam, na karɓi gyara, amma naka ɗangon ƙarshe ma ya fi 'yan'uwansa tsawo. A duba.

Malam Mai Arulli:
Zihafi ne, ɗan sassaucin awo da ilimin arulli ya yarda da shi, halas ne.

Uwar Biyu:
In naku ne zihafi, in namu ne karaya!

Dattijon Fage:
Na makara, ku yi mini uzuri 'ya'yana. Na karanta duka, ga wanda zan ajiye a tsakaninku.

Fritz Haber na Jamus na kawo muku,
Ya ciro taki daga iskar da muke shaƙa.
Gonakin duniya suka ninka amfani,
Bakunan da yunwa za ta rufe suka samu ci da sha.
Shi ne kuma dai a Yaƙin Duniya na Ɗaya
Ya saki gubar kulorin, sojoji na shaƙa.
Hannu ɗaya hatsi, hannu ɗaya ajali,
Barde da Gimbiya, wa zai ɗauka?

A 1909 ya haɗa sinadarin amoniya da ake yin takin da shi, a 1915 aka saki gubar a Ypres ta Beljiyam, kuma an ba shi kyautar Nobel ta 1918.

Barden Fage:
Baba, ka gama magana, nawa ne wannan,
Wanda ya juya yaƙi da gona shi ne gwarzo.

Gimbiyar Baiti:
Yaya, riƙe gubar, ka bar mini takin,
Ni da mai ciyarwa nake, ko da ya ɓata.
Matarsa Kilara, masaniya irinsa,
Kwanaki da sakin gubar ta kashe kanta.
Baba, kai da ka kawo shi ba ka zaɓa ba,
Fito fili, a wane layi ka ajiye shi? Muna jiran amsa.