Neman shawara: ina so in koma fannin dokar talla da kare haƙƙin masu saye

Assalamu alaikum manyanmu. Shekarata biyu da zama lauya, kuma a ofishin da nake aiki yawancin abin da muke yi shari'ar bashi ce da ta kwangila. Wata uku da suka wuce maigidana na ofis ya miƙo min tallan wani kamfanin man shafawa, ya ce in duba kafin su sake shi. A ciki sun rubuta wai man yana gusar da tabo cikin kwana bakwai. Da na tambaye su gwajin da ya nuna haka, sai aka yi tsit. Ashe wani ne a sashen talla ya ga bakwai ta fi daɗin faɗa. Tun ranar abin ya shiga raina, har nake tunanin in tattara hankalina kan wannan fanni. Amma da na faɗa wa maigidan sai ya yi dariya, ya ce lauyan da ba ya sa rigar kotu ai magatakarda ne. Shin fannin nan yana riƙe mutum? Kuma ta wace ƙofa ake shiga, ta kamfani ko ta hukuma?

Wata lauyar kamfani:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Tambayar nan da kika yi musu, "ina gwajin?", ita ce rabin aikin, kuma kin yi ta ba tare da an koya miki ba. Abin da doka ke nema a wannan fanni shi ne mai talla ya riƙe hujjarsa tun kafin ya buɗe baki, ba sai an kama shi ya tafi nema ba. Idan ya ce kayansa "na sarakai ne", wannan kambamawa ce, ba mai ɗaukarta da gaske. Idan ya sa adadi, ko ya ce likitoci sun tabbatar, ko ya ce ya fi na wane, to ya shigo hannu. Kullum a tsakanin waɗannan biyun za ki wuni.

Sai dai ki sani, ba za a so ki a sashen talla ba idan bakinki bai iya komai ba sai "a'a". Na yi wannan kuskuren a shekarata ta farko, har suka daina kawo min aiki sai ana gobe za a saki talla, lokacin an riga an biya masu ɗaukar hoto. Daga baya na gane cewa abin da ake biyana dominsa shi ne in ce: wannan jimlar ba za ta wuce ba, amma ga yadda za ku faɗe ta ta tsaya da ƙafarta. Sannan ki koyi kallon talla da idon mai saye. Kowace kalma tana iya zama gaskiya, amma hoto da kiɗa da ɗan siririn rubutun da aka ɓoye a ƙasa su haɗu su yaudari mutum, kuma abin da ya fahimta shi hukuma ke dubawa.

Maganar riƙe mutum kuwa, kamfanonin magani, abinci, bankuna da sadarwa ba sa rabuwa da talla. Ni dai ban taɓa zama ba aiki ba.

Wani malamin shari'a:
Barista, ki gaishe da maigidan naki, ki tuna masa shari'ar Carlill da ya karanta a ajin kwangila. Kamfanin Carbolic Smoke Ball ya yi talla a Ingila cewa duk wanda ya yi amfani da kayansa sau uku a rana na mako biyu, amma mura ta kama shi, za a ba shi fam 100, har ya ce ya ajiye fam 1,000 a banki don a san da gaske yake. Wata mata mai suna Carlill ta yi, murar ta kama ta, kamfani ya ce ai zuga kaya ce kawai. A 1892 kotun ɗaukaka ƙara ta ce ya biya. Wato ɗaya daga cikin shari'o'in da aka gina dokar kwangila a kansu, rikicin talla ne.

Wani tsohon ma'aikacin hukuma:
Ni zan saɓa wa Hajiya lauyar kamfani kaɗan. In kina da hali, ki fara ta hukuma, ko da shekara uku ne. Albashin bai kai na kamfani ba, ba zan ɓoye miki ba, amma a nan za ki ga koke ɗari a wata, ki san wanne ake bi wanne ake ajiyewa, kuma wannan sanin shi kamfanoni ke saye da tsada daga baya. Kowace ƙasa da tsarinta. A Amurka hukumar FTC ce, wadda aka kafa a 1914, aka ƙara mata ikon hukunta yaudarar masu saye a 1938. A Birtaniya ASA ke duba tallace-tallace tun 1962. Tarayyar Turai ta yi dokarta kan ha'inci a kasuwanci a 2005. A Najeriya akwai FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, da ARCON mai kula da talla, wadda ta gaji tsohuwar hukumar talla APCON a 2022. Ki fara da dokar ƙasar da kike aiki, ki haddace ta, sannan ki riƙa karanta hukunce-hukuncen ASA da FTC, suna nan kyauta a intanet.

Wanda ya ce ba kotu a fannin nan kuma bai bibiya ba. A 2012 kamfanin Skechers ya amince ya biya dala miliyan 40 kan iƙirarin cewa takalmansa na ƙarfafa tsoka da rage ƙiba. Volkswagen ya yi ta tallan dizal mai tsafta, a 2015 aka gano manhajar da ke ruɗin na'urar gwajin hayaƙi, abin ya ci shi biliyoyin daloli. Kuma a Amurka, a ƙarƙashin dokar Lanham ta 1946, kamfani na iya maka kishiyarsa a kotu kan tallan ƙarya. Lauyoyi ne suka yi duk wannan, ba magatakarda ba.

Wani lauya:
Ni dai a yi hattara. Shekara biyu ta yi kaɗan a ce mutum ya rufe kansa a ɗaki ɗaya. Kar ki saki shari'ar kwangilar nan tukuna. Wanda bai taɓa ganin yadda ake yi wa hujja kaca-kaca a gaban alƙali ba, ba zai san wace hujja ce za ta tsaya ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, abin da ke ɗan damuna shi ne ni ba 'yar kimiyya ba ce. Ko sun ba ni sakamakon gwajin ranar nan, ban tabbata zan gane shi ba.

Lauyar kamfanin:
Ba sai kin zama likita ba. Ki koyi yin tambaya huɗu ko biyar: mutum nawa aka gwada, da me aka kwatanta, wa ya biya kuɗin binciken, kuma shin wannan kayan aka gwada ko wani sinadari ɗaya da ke cikinsa? Ta ƙarshen nan ita ta fi kama mutane. Ɗan gajeren kwas na ƙididdiga zai ishe ki.

Inda aikin ke ƙaruwa yanzu kuma shi ne intanet: masu tarin mabiya a TikTok da Instagram da ake biya su yabi kaya ba su faɗa ba, sharhin bogi, da manhajojin da shiga ke da sauƙi fita kuwa sai an sha wuya. FTC ta sabunta ƙa'idojinta kan masu yabon kaya a 2023, kuma a 2022 Epic Games, masu wasan bidiyo na Fortnite, sun amince su mayar da dala miliyan 245 saboda maɓallan da ke sa 'yan wasa sayen abin da ba su yi niyya ba. Manyan lauyoyi da yawa ba sa leƙa waɗannan wuraren, ke kuwa kina ciki.

Ba sai kin bar ofishinku yanzu ba. Ki roƙi maigidan ya riƙa turo miki duk aikin talla da ya shigo, tunda shi ya raina shi ba zai hana ki ba. Af, ya kuka ƙare da masu man shafawar?

Mai tambaya:
Sun cire kwana bakwan, Yaya. Amma sun dawo da "likitoci sun yarda da shi", kuma da na bincika, likitan ɗaya ne, shi ma ma'aikacinsu ne. Gobe za mu sake zama.